Na'urar Kankare Haƙori a Gida: Yadda Ake Aiki da Ita, da Inda Ya Wajaba a Dakata

Tun da bidiyon nan ya fara yawo a TikTok da WhatsApp, wanda ake ɗora wata 'yar na'ura mai kama da biro a jikin haƙori, dauɗar da ta daskare, wato kanta, tana ɓantarewa kamar ana kankare ƙanzo a gindin tukunya, saƙonni ba su daina shigo mini ba. Wasu sun riga sun saya a Jumia ko AliExpress, tana nan a kwali suna tsoron kunnawa. Wasu sun kunna, dasashi ya yi jini, suna tambaya ko su ci gaba. Wata baiwar Allah ma ta ce bikinta saura sati uku, tana so haƙoranta su yi fes kafin ranar kamu.

Bari in faɗi matsayina tun yanzu. Dauɗar haƙori mai laushi aikinka ce, buroshi da zaren sakace sun ishe ka. Wadda ta riga ta daskare ta zama kanta kuwa aikin asibiti ce. Abin da na'urar gida za ta iya yi maka kaɗan ne, ɓarnar da za ta iya yi kuma ba ta gyaruwa, domin farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori idan ya zaizaye ba ya sake tsirowa. To amma na san wanda ya riga ya zuba kuɗinsa, kalmar "kada ka taɓa" ba za ta hana shi ba. Shi ya sa na jera matakan yadda ɓarnar za ta ragu. Kada a tsallake na ɗaya da na biyu.

Mataki na 1: Gane abin da ke jikin haƙorin

Ka samu madubi da tocilar waya, ka tsane haƙoran da auduga, domin yawu yana ɓoye abubuwa. Abin da za ka gani ba zai wuce ɗayan biyar ba, kuma kowanne da maganinsa.

Dauɗa ita ce farin abu mai yauƙi da ke fita idan ka ja farce a gindin haƙori. Mutane suna ɗauka ragowar tuwo ce, alhali tarin ƙwayoyin cuta ne da ke manne wa haƙori, kuma cikin 'yan sa'o'i bayan ka goge take fara dawowa. Wannan ba ta buƙatar wata na'ura.

Kanta ita ce dauɗar da aka bari. Sinadaran kalsiyam da fosfet da ke cikin yawu suna shiga cikinta, cikin kwana 1 zuwa 3 ta fara tauri, kafin sati biyu ta zama kamar siminti. Harshe yana jin kaushinta. Wuri biyu ta fi taruwa: bayan haƙoran gaba na ƙasa, da gefen kumatu na turamen sama, saboda a nan ne hanyoyin yawu suke buɗewa. Wadda ke saman dasashi rawaya ce ko ruwan ƙasa. Wadda ke ƙarƙashin dasashi baƙa ce saboda jinin da ya rina ta, ba ka ganinta sosai, kuma ita ce ke cinye ƙashin da ke riƙe da haƙori har ya fara girgiɗi. Ka riƙe wannan a ranka, domin duk abin da na'urar gida za ta yi, ba za ta kai ga wannan ba.

Rini shi ne tabon goro, shayi, kofi, sigari, shisha ko taba gari. A sama yake, kamar tabon shayi a cikin kofin tangaran.

Akwai kuma tabon da ke cikin haƙorin kansa. Wanda ya tashi yana shan ruwan rijiya ko burtsatse mai yawan sinadarin fuloraid, haƙoransa kan fito da farin dabbare ko ruwan ƙasa tun yarinta. An san wannan a yankin Langtang na jihar Filato, an kuma san shi a Tibiri ta jihar Maraɗi, inda ruwan burtsatse ya illata yara da yawa har a ƙashinsu. Haka kuma yaron da aka yi ta ɗura wa kafson tetirasaikilin, mai ja da rawayan nan, kafin ya kai shekara 8, haƙoransa kan yi duhu daga ciki. Irin wannan ko kwana za ka yi kana kankara ba zai fita ba, sai dai ka cinye haƙorin.

Na biyar ruɓa ce: baƙin ɗigo a ramin turmi, ko fari fat kamar alli a gindin haƙori kusa da dasashi. Gargaɗi: wannan farin allin ɓawon haƙori ne da ya yi rauni. Makilin mai fuloraid yana iya farfaɗo da shi, amma idan ka ɗora masa ƙarfe sai ya burma ya zama kogo.

Mataki na 2: Duba ko kana cikin waɗanda bai halatta su kunna ta ba

Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya shafe ka, ka mayar da na'urar kwalinta, ka wuce mataki na 4 da na 8.

Mai ciwon zuciya da ya taɓa ƙofofin zuciya, ko wanda aka yi wa aiki a zuciya. Kankara tana tura ƙwayoyin cutar baki cikin jini, kuma a irin wannan zuciyar suna iya sauka su kafa sansani. A asibiti ma wasu sai an ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a taɓa bakinsu. Haka wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya.

Mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, da wanda jininsa ba ya saurin tsayawa. Mai ciwon suga wanda sugansa bai daidaita ba. Mai sikila. Mai shan magungunan ciwon daji, wato kansa, ko duk wani abu da ke raunana garkuwar jiki. Mai juna biyu, saboda dasashinta ya riga ya kumbura yana saurin jini. Wankin asibiti ba ya cutar da ciki, shi ya fi mata.

Yara kuma ko kusa. Ɓawon haƙorinsu siriri ne, ba sa kuma iya zama shiru.

Sai haƙoran da ba a taɓawa ko a bakin mai ƙoshin lafiya: wanda aka yi wa ciko, haƙorin Makka da duk wani mai hula, wato murfin da likita ke kifa wa haƙori, wanda aka dasa, mai wayar gyaran jeri, mai tsaga, mai girgiɗi, da wanda dasashi ya janye har saiwarsa ta fito. Karkarwar na'urar tana sassauta simintin da ke riƙe da hula da ciko, saiwa kuma ba ta da ɓawo mai tauri, da ɗan gogawa take cinyewa.

Mataki na 3: Kayan aiki da lissafin kuɗi

A jikin kwalin za ka ga an rubuta cewa altirasonik ce. Ma'anar kalmar ita ce karkarwar da ta wuce sau 20,000 a sakan ɗaya, wadda kunnen mutum ba ya kamawa. Ta asibiti tana yin sau 25,000 zuwa sama a sakan, tana kuma fesa ruwa ba tsayawa. Ruwan yana sanyaya bakin ƙarfen, yana wanke ɓarɓashi da jini don mai aiki ya ga abin da yake yi.

Ka duba lambar da ke kwalin da kyau: a sakan aka ce ko a minti? Idan an rubuta 40,000 a minti, raba da 60, ko 700 ba ta kai ba a sakan. Wannan ƙaramin inji ne kawai irin mai girgiza waya, an maƙala masa tsinken ƙarfe. Da yawan waɗanda ake tallatawa haka suke. Za ka gane ta idan tana ɓurari a tafin hannunka tun ba ka taɓa komai ba. Irin wannan ba ta farfasa kanta, sai mai ita ya ƙara dannawa, a nan ne kuma ake yin rauni. Ta gaskiyar kuma tana da nata haɗarin: mafi yawansu ba su da ruwa, bakin ƙarfen yana ɗaukar zafi, zafin kuma yana iya kaiwa ga jijiyar haƙori.

Abubuwan da za ka tanada su ne buroshi mai laushi mai ƙaramin kai, makilin mai fuloraid (duba bayan kwalin, ka nemi lamba tsakanin 1,350 da 1,500), zaren sakace, ƙaramin madubin baki mai mariƙi, madubin fuska, fitila mai haske, auduga, sifirit, kofin ruwa mai tsabta, da gishiri. Idan ka samu ƙwayar nuna dauɗa a babban kemis, wadda ake taunawa ta rina dauɗa ja ko shuɗi, ka haɗa da ita, tana da amfani ƙwarai.

Farashin na'urar yana hawa da sauka tare da dala, ga kuɗin kawowa. Shawarata ga wanda bai saya ba tukuna ita ce ya fara leƙa sashen haƙori na asibitin gwamnati mafi kusa ya tambayi kuɗin kati da na wankin haƙori, sannan ya kwatanta. Ya kuma sa a lissafinsa cewa idan ya fasa ciko ko ya ɓalle hula, gyaran yana iya fin wankin tsada, idan kuwa abin ya kai ga cire jijiya to ya ninka. In dai akwai kuɗin sayen abu mai caji, buroshi mai batir ya fi wannan na'urar amfani nesa ba kusa ba, domin shi kullum zai yi maka aiki, kuma a kan dauɗa, wadda ita ce tushen matsalar.

Mataki na 4: Sati biyu na share fage

Wannan ne matakin da kowa ke son tsallakewa, kuma shi ne ainihin aikin. Dasashin da ya kumbura ya yi ja, da an taɓa shi jini ne. Ba za ka ga inda haƙori ya ƙare dasashi ya fara ba. Sati biyu na gogewa yadda ya kamata suna sa kumburin ya saɓe.

Sau biyu a rana, minti 2 kowane karo, kuma na dare kafin kwanciya ya fi na safe muhimmanci, saboda yawu yana raguwa idan mutum ya yi barci. Ka karkata buroshin ya kalli dasashi, rabin gashinsa a kan haƙori rabi a bakin dasashi, ka riƙa juya shi a hankali a wuri guda, haƙori biyu-biyu, sannan ka share zuwa bakin haƙorin. Ba dirza ake yi ba kamar wankin tukunya. Idan ka zo bayan haƙoran gaba na ƙasa, ka miƙar da buroshin tsaye, ka yi amfani da kansa. Da ka gama ka tofar, kada ka kurkure da ruwa, a bar fuloraid ɗin ya zauna. Na san wannan yana yi wa mutane banbaraƙwai, amma bayan kwana uku ake sabawa.

Zare sau ɗaya a rana. Ka yanko kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ka naɗe a manyan yatsun tsakiya, ka zura tsakanin haƙora a hankali, ka lanƙwasa shi ya rungumi gefen haƙori ɗaya, ka ja sama da ƙasa, sannan ka rungumi na kusa da shi. Gargaɗi: kada ka buga zaren da ƙarfi ya faɗa kan dasashi. A kwanakin farko za ka ga jini da wari a jikin zaren. Wannan alama ce ta cewa wurin ya daɗe yana jiran a share shi, ba dalilin dainawa ba ne. Mai faffaɗan tsakani ko wushirya, ƙaramin buroshin tsakanin haƙora ya fi masa zare. Tsinken tsintsiya da allura da kan biro kuwa a bar su.

Aswaki yana da gurbinsa, kuma babba. Sunna ce mai ƙarfi, hadisin da ke cewa ba don gudun tsananta wa al'umma ba da an umarce su da aswaki a kowace sallah sananne ne, kuma wanda ke yinsa sau biyar a rana yana tarwatsa dauɗa kafin ta samu zama. Sai dai a jiƙa shi ya yi laushi, a riƙa yanke bakin da ya tsufa, a goga daga dasashi zuwa bakin haƙori. Masu dirza shi a kwance da ƙarfi shekara da shekaru, za ka ga dasashin fiƙoƙinsu ya janye, gindin haƙorin ya yi kwari. Kuma aswaki ba ya shiga tsakanin haƙora, don haka bai ɗauke maka zare ba.

Gargaɗi: gawayi, toka, gishiri tsagwaronsa, kanwa da lemon tsami duk suna sa haƙori ya yi haske na ɗan lokaci, saboda suna cinye samansa. Abin da ke ƙarƙashin farin ɓawon rawaya ne, to da ɓawon ya yi siriri sai rawayar ta bayyana, mutum ya ƙara dirza, abin ya ƙara lalacewa.

Bayan sati biyu ka sake duba madubi. Mutane da yawa a nan suke gane cewa rabin abin da ya dame su ya tafi. Idan kuwa har yanzu jini yake, ko akwai wari, ko mugunya tana fitowa idan ka danna dasashi, to kanta tana ƙarƙashi. Ka wuce mataki na 8 kai tsaye.

Mataki na 5: Tsabtace bakin na'urar

Ka kwance bakin ƙarfen, ka wanke da sabulu da wani tsohon buroshi, ka tafasa shi minti 20 a tukunya mai murfi, ka bar shi ya huce ya bushe a kan tsabtataccen faranti. Mariƙin ba a tafasa shi, a goge da sifirit. Ka wanke hannu da sabulu. Haka za ka yi kafin aiki da bayansa, ko da sabuwa ce fil daga kwali.

Gargaɗi: mutum ɗaya, baki ɗaya. Ko mata da miji kada su haɗa. Wannan ƙarfe yana taɓa jini, kuma ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7. A asibiti tukunyar tururi ake sa kayan, mai zafin digiri 121 zuwa 134, abin da tafasar gida ba ta kaiwa. Duk wanda ya sayi na'ura ɗaya yana bi gida-gida ko shagon kwalliya yana kankare wa mutane, ka guje shi kamar yadda za ka guji askar wanzamin da ba a canzawa.

Mataki na 6: Riƙo da aiki

Iyakar filin aikinka ita ce haƙoran gaba shida na sama da shida na ƙasa, fuskar da kake gani da idonka a madubi, kuma nesa da dasashi da kamar kaurin ƙwayar shinkafa. Abin da za ka nema shi ne rini da 'yar kantar da ke fili. Turame, tsakanin haƙora, da duk abin da ya shige ƙarƙashin dasashi ba naka ba ne.

Ka zauna, kada ka yi a tsaye. Ka dafa gwiwar hannu a kan tebur, madubi a gabanka, haske yana shiga bakin. Ka goge baki tukuna. Ka sa na'urar a mafi ƙarancin ƙarfinta, ka gwada a jikin cokali don hannunka ya san yadda take motsi.

Ka riƙe ta kamar biro, ka kafa ɗan yatsanka na kusa da ƙarami a kan haɓa ko a kan wani haƙori. Wannan kafawar ita ce birkinka. Ba tare da ita ba, da ƙarfen ya zame, dasashi ko leɓe zai samu.

Yanzu ga abin da ya fi komai: ba da tsinin ake aiki ba. Gefen ƙarshen ƙarfen ne, kamar milimita 1 zuwa 2 na ƙarshe, zai kwanta a jikin haƙori kusan a shimfiɗe, yadda ake kwantar da wuƙa idan ana feraye rake. Idan ka tsayar da tsinin ya soki haƙori kai tsaye, ya zama kurfi da guduma, zai bar ƙananan ramuka da ƙarzuna waɗanda ido ba ya gani. Haƙorin da aka ƙarje kuma ya fi saurin kama dauɗa da rini fiye da da. Wannan shi ne dalilin da ya sa wasu ke cewa tun da suka fara amfani da na'urar, tabon ya fi saurin dawowa.

Kada ka danna. Nauyin na'urar kaɗai ya isa. Ka riƙa motsa ta ba tsayawa, gajeren zuwa da dawowa, kana farawa daga gefen tabon, ba tsakiyarsa ba. Kada ka bar ta a wuri ɗaya ko na sakan biyu. Bayan 'yan sakanni ka ɗaga, ka guntsi ruwa ka kurkure, ka tsoma bakin ƙarfen a kofin ruwa ya huce, ka duba. Haƙori ya kasance a jiƙe koyaushe.

Idan ka bi wuri sau biyu ko uku abin bai motsa ba, ka ƙyale shi. Ko dai kanta ce da ta fi ƙarfin na'urarka, ko tabon ciki ne, ko kuma ruɓa. Ƙara ƙarfi ba zai canza ko ɗaya ba. Wani kuskuren da ba a cika lura da shi ba shi ne mutum ya goge saman kantar ta yi santsi, harshe ya daina jin kaushi, ya ɗauka ta fita, alhali tana nan. Irin wannan ko a asibiti ta fi wuyar ganowa da cirewa.

Bayan haƙoran gaba na ƙasa, inda kanta ta fi yawa, nan ne kowa ke son kaiwa, nan ne kuma na fi jin tsoro. Ta madubi biyu kake kallo, dama ta koma hagu, harshe yana turo hannunka, yawu yana cika wurin, dasashin wurin kuma siriri ne. Masu wannan sana'a shekaru suke yi suna koyon aiki ta cikin madubi, kuma su ma idan nasu ya taru wani suke zaunar wa. Akwai wani ɗan'uwana da ya ɓantaro babban guntu daga nan, ya yi murna, kwana biyu bayan haka wurin ya kumbura ya tara ruwa, saboda sauran kantar mai kaifi ta rage a ƙarƙashi, ƙarfen kuma ya yaga dasashin. Sai da aka kai ga asibiti da maganin sati guda. Idan kantar ta haɗe haƙoran kamar katanga, kada ka taɓa ta sam, domin wataƙila ƙashin da ke ƙasa ya riga ya zaizaye.

Ka tsaya nan take idan ka ji zogi kamar wutar lantarki, ko zafi a cikin haƙori, ko ka ga jini, ko wani abu fari ya ɓalle wanda ba ka tabbatar kanta ba ce. Duka aikin kada ya wuce 'yan mintuna.

Mataki na 7: Bayan an gama

Ka kurkure da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ranar ka ɗaga wa ruwan ƙanƙara, lemon kwalba, tsamiya, zoɓo da goro ƙafa. Da dare ka goge a hankali da makilin mai fuloraid. Idan haƙori yana tsami in iska ko ruwan sanyi ya taɓa shi, makilin irin su Sensodyne yana taimakawa, ka shafa kaɗan da yatsa a wurin ka bar shi.

Ruwan kurkure baki mai kulohezidin, irin su Corsodyl, yana kwantar da kumburin dasashi, amma kada ya wuce sati biyu, domin shi kansa yana rina haƙora ruwan ƙasa, kuma a ba da tazarar rabin awa tsakaninsa da makilin. Gargaɗi: kada ka ɗora ƙwayar asfirin ko garin maganin ciwon kai a kan dasashi, ƙona naman yake yi.

Jinin da ya ƙi tsayawa bayan ka danna auduga minti 10, kumburin fuska, zazzaɓi, mugunya, ko ciwon da ke hana barci, duk na asibiti ne a ranar. Kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa har haɗiya ko numfashi ya yi wuya kuwa, ko tsakar dare ne a tafi.

Kuma wannan ba aikin kowane sati ba ne. Idan ka ga kana buƙatar ɗauko na'urar a kai a kai, to matsalar tana mataki na 4.

Mataki na 8: Wankin asibiti

Manyan asibitocin koyarwa suna da sashen haƙori: na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, haka ma babban asibitin ƙasa na Yamai. Manyan asibitocin jiha da dama su ma suna da shi. Ka ce wankin haƙori ka zo yi. Likitan haƙori ne ko jami'in da aka horar kan wannan aikin zai yi maka. Ka faɗa musu duk ciwon da kake da shi da magungunan da kake sha, ka kuma faɗa musu gaskiya idan ka yi amfani da na'ura a gida. A kan samu gwajin baki kyauta a wasu wurare a kusa da 20 ga Maris, ranar lafiyar baki ta duniya, sai a riƙa sa kunne.

Za a fara auna zurfin dasashi da wani siririn ƙarfe mai alamomi. Milimita 1 zuwa 3 lafiya ne. Daga 4 zuwa sama aljihu ya buɗe tsakanin haƙori da dasashi, kuma mai irin wannan yakan buƙaci wanki mai zurfi, wani lokaci da allurar kashe zafi, a zama fiye da ɗaya. Sai a bi da na'ura mai ruwa, a ƙarasa da ƙarafan hannu, a goge da wani man da ke mayar da haƙori santsi. Wannan gogewar ta ƙarshe ita ce ke fitar da rinin goro da shayi, kuma ita ce na'urar gida ba ta da ita. Yawanci rabin awa zuwa awa ɗaya an gama.

Akwai maganar da ta hana mutane da yawa zuwa, wai wankin asibiti yana buɗe tsakanin haƙora, yana sa su girgiɗi. Abin da ke faruwa shi ne kanta ta daɗe da cinye dasashi da ƙashi ta zauna a gurbinsu. Da aka ɗauke ta sai ramin da ta haƙa ya bayyana. Barinta ba ya riƙe haƙorin, ci gaba take yi da ci har ya faɗi da kansa. Tsamin da ake ji bayan wanki kuma yakan wuce cikin 'yan kwanaki zuwa sati biyu.

Sau nawa? Ga yawancin mutane tsakanin wata 6 zuwa shekara. Mai shan sigari, mai ciwon suga, da wanda bakinsa ke saurin tara kanta, likita zai iya rage masa tazarar.

Amaryar da ta ce saura sati uku, ga amsarki, 'yar'uwa: ki ajiye na'urar, ki je a wanke miki cikin wannan satin, kada ki bari sai ana gobe kamu, domin dasashi yana son kamar sati guda kafin ya kwanta ya koma launinsa. Daga nan zuwa biki ki riƙe buroshi da zare dare da safe, ki kurkure da ruwa duk lokacin da kika sha shayi, goron biki kuma ki bar wa 'yan ɗaurin aure.